Hayar gida da koyar da Ingilishi a Istanbul: lissafin da ke ruɗar ɗaliban Nijar da iyayensu

Tun da Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai a watan Agustan 2023, sannan ta rufe ofishin jakadancinta a farkon Janairun 2024, iyalai da dama a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai suka soma neman wata hanyar da ƴaƴansu za su bi bayan sun ci jarrabawar BAC ko sun kammala digirin farko. Wasu sun nufi Maroko da Aljeriya, wasu Masar, wasu Gana. Turkiyya na cikin ƙasashen da sunansu ya fi fitowa a wannan shawara, musamman birnin Istanbul.

Akwai wani lissafi da ake yawan yi a zaure kafin a sayi tikitin jirgi. Iyaye za su biya kuɗin tafiya da na makaranta, shi kuma yaro, tunda ya iya Ingilishi, zai riƙa koyarwa na ƴan awoyi a mako ya biya hayar ɗaki da abinci. Lissafin yana da daɗin ji, domin Turkawa na neman Ingilishi ido rufe, kuma bidiyon masu cewa sun samu aiki cikin mako guda ya cika TikTok da Facebook.

Sai dai dokokin Turkiyya da kasuwar gidajen Istanbul sun jera abubuwan ta wani tsari dabam. Gida ne farko, domin sai da adireshi ake samun takardar zama. Takardar zama ce ke buɗe ƙofar neman izinin aiki. Izinin aikin kuwa, ga ɗalibin digirin farko, ba ya ma tasowa sai an yi shekara guda. Kenan kuɗin da ake sa ran za su biya haya su ne na ƙarshen zuwa, idan ma sun zo, alhali haya ita ce ke tarar mutum tun ranar da ya sauka.

Me ya sa Turkiyya ke jan hankali

Dangantakar Nijar da Turkiyya ba ta jiya ba ce. Turkiyya ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2012, a shekarar ne kuma jiragen Turkish Airlines suka soma sauka a babban birnin. Kamfanin Summa na Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 hulɗar ta ƙara ƙarfi: Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya je Ankara a Fabrairun 2024, sannan a watan Yuli na wannan shekarar wata babbar tawaga ƙarƙashin ministan harkokin wajen Turkiyya Hakan Fidan ta zo Yamai. Ƴan kasuwar Maradi da Yamai ma sun daɗe da sanin unguwannin Laleli da Aksaray, inda ake sarin tufafi da takalma.

Ta fannin karatu, hukumomin Turkiyya na cewa ɗaliban ƙasashen waje da ke jami'o'insu sun haura 300,000. Akwai kuma tallafin karatu na gwamnatin ƙasar, wanda ake buɗe nemansa a watannin Janairu da Fabrairu. Wanda ya dace da shi ana biya masa kuɗin makaranta, a ba shi ɗakin kwana, da inshorar lafiya, da shekara guda ta koyon Turkanci, da ɗan kuɗin kashewa duk wata. Irin wannan ɗalibin ba shi da matsalar haya. Matsalar tana wuyan wanda ya shiga jami'a mai zaman kanta da kuɗin iyayensa, da kuma wanda ya shiga ƙasar da bizar yawon buɗe ido yana fatan ya gyara takardu daga baya.

Adireshi kafin komai

Duk baƙon da zai zauna a Turkiyya fiye da wa'adin bizarsa sai ya nemi takardar zama, wadda ake kira ikamet. Daga cikin abin da hukumar kula da baƙi ke nema akwai shaidar inda mutum yake kwana. Mai zama a ɗakin kwanan ɗalibai takardar makaranta ko ta masu ɗakin ta ishe shi. Mai haya kuwa sai ya kawo yarjejeniyar haya wadda ofishin notari ya buga wa hatimi, sannan a yi masa rajista a kundin adireshi na ƙasa. Da takardar zaman ce ake samun lambar shaidar baƙi, mai farawa da 99, wadda ake tambaya a banki, a asibiti, da wurin neman izinin aiki.

A nan ne tarko na farko yake. Saboda ƙorafin ƴan ƙasa kan yawan baƙi, musamman ƴan gudun hijirar Siriya da a wani lokaci suka haura miliyan 3 da rabi, gwamnati ta rufe wasu unguwanni ga sabbin baƙi. A Fabrairun 2022 an rufe unguwanni 781 a faɗin ƙasar. Daga 1 ga Yulin wannan shekarar adadin ya koma 1,169, bisa ƙa'idar cewa duk unguwar da baƙi suka kai kashi 20 cikin 100 na mazaunanta ba za a sake yi wa sabon baƙo rajista a cikinta ba. A Istanbul an rufe gundumomin Fatih da Esenyurt tun farkon 2021, aka ƙara wasu takwas a Oktoban 2022, ciki har da Zeytinburnu, Avcilar, Bagcilar da Esenler.

Waɗannan kuwa su ne wuraren da haya ta fi sauƙi, kuma nan ne ƴan Afirka suka fi taruwa. Aksaray da Laleli, inda ɗan Nijar zai fara neman ɗan'uwansa, duk a cikin Fatih suke. An yi sassauci ga wasu rukunoni, kamar ɗaliban da jami'arsu ke cikin gundumar, kuma jerin na sauyawa lokaci zuwa lokaci. Amma dillali ba lalle ne ya gaya wa baƙo ba. Mutum na iya biyan kuɗin wata uku, ya sa hannu, ya kai kayansa, sai a ofishin rajista ya tarar cewa adireshin ba zai ba shi takardar zama ba.

Daga wannan matsin ne kasuwar adireshin bogi ta samu gindin zama. Ana sayar wa baƙo takardar hayar gidan da bai taɓa kwana a ciki ba. Ƴan sanda na zagayawa su duba ko mutum na zaune inda ya rubuta, kuma gabatar da takardar ƙarya dalili ne na soke izinin zama da korar mutum daga ƙasar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wanda ya sayar da takardar kuma ba ya nan ranar da aka kama mai ita.

Abin da shiga gida ke ci

Wanda ya saba da hayar ciki da falo a Maradi ko Tawa, inda ake shiryawa da mai gida baki da baki, zai tarar da wani tsari a Istanbul. Kafin a miƙa makulli, mai gida na karɓar hayar watan farko. Yana kuma karɓar kuɗin ajiya, wanda dokar Turkiyya ta ƙayyade kada ya wuce hayar wata uku. Dillali na karɓar kwatankwacin hayar wata guda, a ɗora masa harajin kashi 20 cikin 100. Idan aka haɗa, shiga gida kaɗai na cin kuɗin haya na wata uku zuwa biyar, tun mutum bai kwana ko dare ɗaya ba.

Bayan haka akwai ƙananan kuɗaɗen da ba a faɗa a bidiyo. Notari na da nasa kuɗin, wani lokaci har da na tafinta ga wanda ba ya jin Turkanci. Kamfanonin wuta, ruwa da iskar gas kowanne na karɓar kuɗin ajiya kafin a mayar da mita da sunan sabon mai haya. A gidajen bene ana biyan wani kuɗi duk wata, wanda ake kira aidat, don shara, na'urar hawa bene da mai gadi. Gidaje da yawa babu komai a ciki, ko firji ko murhu. Ga kuma sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da kuɗin gas na ɗumama ɗaki ke ninkuwa. Ɗan Damagaram da ya san sanyin hunturu na ƴan makonni ba ya sa wannan a lissafi.

Masu gidaje da dama na neman wanda zai tsaya wa mai haya, kuma sun fi son Baturke mai albashi. Baƙon da ba shi da mai tsaya masa akan nemi ya biya wata shida ko shekara a dunƙule. A shafukan tallan gidaje kamar Sahibinden ana cin karo da tallan da aka rubuta ƙarara cewa ba a ba baƙo ko ba a ba ɗalibi. Ƴan damfara kuma na ɗora hotunan gidajen da ba nasu ba, su nemi a turo kafin alƙalami tun mutum yana Yamai.

Akwai wata takarda da ya kamata kowane mai haya ya san da ita: alƙawarin tashi daga gida. Wasu masu gidaje na sa mai haya ya sa hannu a kanta tun ranar shiga, a bar gurbin kwanan wata babu komai, daga baya su cike ranar da suka ga dama. Da ita ake fitar da mutum cikin sauƙi idan an samu wanda zai biya fiye da shi. Tun 1 ga Satumban 2023 doka ta wajabta a fara zuwa wurin mai sasanci kafin a kai yawancin rigingimun haya kotu, amma ɗalibin da ba ya jin harshen ƙasar kuma takardar zamansa na rataye da wannan adireshin ba shi da ƙarfin ja-in-ja.

Haya na gudu, lira na faɗuwa

Tsadar hayar Istanbul na da tushe. Hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, ta sauka, ta sake haura kashi 75 a Mayun 2024. Yaƙin Rasha da Yukiren ya kawo dubban mutane masu kuɗi a hannu a 2022. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a kudancin ƙasar, ta tura jama'a zuwa manyan birane, ta kuma sa kowa na neman sabon gini mai ƙwari.

Don rage raɗaɗin, gwamnati ta hana ƙarin haya fiye da kashi 25 cikin 100 a shekara, daga Yunin 2022 zuwa farkon Yulin 2024. Matakin ya kare tsofaffin masu haya, amma ya sa masu gidaje suka riƙa huce asararsu a kan sabbin shiga, domin dokar ba ta shafi farashin sabuwar yarjejeniya ba. Baƙo kuwa kullum sabon shiga ne. Da aka ɗage dokar, aka koma ga ma'aunin matsakaicin hauhawar farashi na wata 12, wanda a Yulin 2024 ya ba masu gidaje damar ƙara kusan kashi 65 cikin 100. Iyalin da suka tsara kasafin shekara huɗu bisa hayar shekarar farko sun ga lissafinsu ya rushe a shekara ta biyu.

Mafi ƙarancin albashi a Turkiyya lira 17,002 ne a 2024, ya koma lira 22,104 a 2025. A unguwanni da yawa na Istanbul hayar gida guda ta zarce wannan adadin. Wato ma'aikacin da ke aiki cikakken lokaci a kan mafi ƙarancin albashi ba zai iya kama gida shi kaɗai ba, balle mai aikin ƴan awoyi.

Ta wajen canji akwai abin lura. A farkon 2021 dalar Amurka ɗaya ba ta kai lira 8 ba, a tsakiyar 2025 ta kai lira 40. Kuɗin sefa kuwa a ɗaure yake da yuro, a kan sefa 655.957. Ma'ana, kuɗin da uba ya ajiye a Maradi na riƙe darajarsu idan aka kwatanta da lira, alhali kuɗin da yaro ya samu a Istanbul na narkewa a aljihunsa. Duk da haka faɗuwar lira ba ta sa birnin ya yi arha ba, domin a ƴan shekarun nan farashin haya da abinci ya fi darajar kuɗin waje saurin hawa. Ga ƙasar da mafi ƙarancin albashinta jika 42 ne a wata, ko rabin hayar ɗaki a Istanbul nauyi ne babba.

Wa doka ta yarda ya koyar

Ɗaliban Nijar da yawa na ɗauke da tunanin tsarin Faransa, inda takardar zaman ɗalibi kanta ke ba shi damar yin aiki har awa 964 a shekara. A Turkiyya ba haka ba ne. Takardar zaman ɗalibi ba izinin aiki ba ce. Dokar ma'aikata baƙi ta 2016, mai lamba 6735, ta ce ɗalibin digirin farko na iya neman izinin aiki ne bayan shekararsa ta farko, kuma aikin ƴan awoyi kawai. Masu digiri na biyu da na uku ba a sa musu wannan jiran ba, amma su ma sai da izini.

Izinin kuma ba ɗalibi ke nema da kansa ba. Mai ɗaukar aiki ne ke shigar da buƙata a ma'aikatar ƙwadago. A ƙa'ida ana son a samu Turkawa biyar a wurin aikin kafin a ɗauki baƙo ɗaya. A fannin koyarwa akwai ƙarin mataki: sai an samu amincewar ma'aikatar ilimi tukuna, wadda ke duba takardun digiri da ko an amince da su a Turkiyya. Cibiyar koyar da harshe da ke son malami na awa takwas ko goma a mako ba kasafai take ɗaukar wannan wahalar da kuɗin inshorar ma'aikaci ba. Abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta biya a hannu, ba takarda.

Nan ne haɗarin yake. Dokar baƙi ta 2013, mai lamba 6458, ta sa wanda aka kama yana aiki ba izini cikin waɗanda ake kora daga ƙasar. Ana cin tarar mai aiki da ma'aikaci, amma wanda ake tasa ƙeyarsa shi ne baƙon. Ana iya tsare shi a cibiyar masu jiran kora har wata shida, a ƙara wasu shida, sannan a hana shi shiga ƙasar na wani lokaci da zai iya kaiwa shekara biyar. Tun watan Yulin 2023 ma'aikatar cikin gida ta baza motocin binciken takardu a manyan mahaɗun Istanbul, inda ake duba zanen yatsa nan take. Ɗalibin da ke shekara ta uku, wanda iyayensa suka sayar da fili ko shanu don karatunsa, na iya rasa komai saboda darasin awa biyu.

Ko ba a kama mutum ba, wanda ke aiki ba takarda da wuya ya iya kai ƙara idan aka riƙe masa albashi. Mai cibiyar ya san da haka tun ranar da ya ɗauke shi.

Fasfo da launin fata a kasuwar Ingilishi

Buƙatar Ingilishi a Turkiyya gaskiya ce. Manyan jami'o'i irin su Bogazici da Ingilishi suke koyarwa, wasu da yawa na da shekarar share fage ta koyon harshen, ma'aikata da malaman jami'a kuma na rubuta jarrabawar harshe don ƙarin girma. Amma abin da iyayen yara da masu cibiyoyi ke biya da tsada shi ne malamin da Ingilishi harshen uwarsa ne, kuma a aikace fasfo ake dubawa: Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya da makamantansu.

Wannan ba a Turkiyya kaɗai ba ne. Koriya ta Kudu ta ginu da bizar malaman Ingilishi a kan ƴan ƙasashe bakwai, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar a cikinsu. Sin, wadda ta daɗe tana zama babbar kasuwar wannan sana'a, ta taƙaita darussan kuɗi na bayan makaranta a 2021, ta kuma hana kamfanoninta ɗaukar malaman da ke zaune a waje su koyar da yara ta intanet. Malamai masu yawa da suka rasa wannan aikin sun watsu zuwa sauran kasuwanni, gasa ta ƙaru, farashin awa ya sauka.

Ɗan Nijar na shiga wannan kasuwar ne da fasfon ƙasar da duniya ta sani da Faransanci. Ko da ya yi shekara biyu a Akara ko ya yi digiri a Kano ko Zariya, sai ya gamsar da mai ɗaukar aiki abin da ɗan Landan ba a tambayarsa. Malamai baƙar fata, har da ƴan Amurka da Ingila, sun daɗe suna kokawa kan yadda ake fifita farar fata a wannan sana'a. Wasu cibiyoyi na ba ɗan Afirka shawarar ya ce wa ɗalibai shi ɗan Amurka ne, su biya shi kuɗin ɗan Afirka, su caji iyaye kuɗin Ba'amurke.

Abin da ke rage wannan giɓin shi ne takardar ƙwarewa. Wadda aka fi girmamawa ita ce CELTA ta jami'ar Kambirij, kwas ne na kimanin awa 120, wanda ake yi cikin mako huɗu zuwa biyar idan cikakken lokaci ne, da awa shida na koyarwa a gaban masu sa ido. Tana da tsada, kuma sai Ingilishin mutum ya yi ƙarfi sosai ake karɓarsa. Takardun da ake saya da arha a intanet cikin kwana biyu ba su da wannan nauyin. Sakamako mai kyau a jarrabawar IELTS ko TOEFL shi ma hujja ce da ake iya ajiyewa a kan tebur.

Darasin gida da na intanet

Yawanci inda ake ƙarewa shi ne darasin gida, irin wanda malamai ke yi wa yara da yamma a Yamai da Maradi. A Istanbul ma ana yinsa, kuma awa guda na iya fin ta cibiya kuɗi. Amma birni ne mai mutum sama da miliyan 15, wani ɓangare a Turai wani a Asiya, inda darasin awa ɗaya ke cin awa uku idan aka haɗa da zuwa da dawowa. Ɗalibin da ya fasa darasi ba ya biya. Daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba makarantu na hutu, iyalai na barin gari, aiki ya tsaya cik. Mai gida kuwa bai san hutu ba. A idon doka kuma wannan ma aiki ne ba izini.

Shafukan koyarwa ta intanet kamar Preply da italki na karɓar malaman da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, amma a can ana gasa da dubban malamai daga Filifin, Indiya, Najeriya da Afirka ta Kudu. Preply na riƙe kuɗin darasin gwaji gaba ɗaya, sannan ya cire kashi 33 cikin 100 daga sabon malami, kason na sauka zuwa 18 bayan an tara awoyi masu yawa. Sabon shiga kan yi watanni kafin ya tara ɗalibai na dindindin. Karɓar kuɗin ma na da nasa ƙalubalen, domin PayPal ya daina aiki a Turkiyya tun 2016. Abin lura a nan shi ne, wannan aikin ba ya buƙatar zama a Istanbul. Mai kwamfuta da intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa zai iya yinsa daga Yamai, ba tare da hayar lira ba.

Akwai kuma jarin da ɗan Nijar ke rainawa, wato Faransanci. Istanbul na da tsofaffin makarantun sakandare masu koyarwa da Faransanci, irin su Galatasaray, Saint-Joseph, Saint-Benoît da Notre Dame de Sion, da jami'ar Galatasaray. Ɗalibansu daga gidajen masu hali suke fitowa, kuma masu iya Faransanci ba su kai masu Ingilishi yawa ba. Wanda ya yi lissafi ko kimiyya da Faransanci tun daga firamare yana da abin da ɗan Gana ko ɗan Najeriya ba shi da shi. Sharaɗin izinin aiki dai bai sauya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wannan ba ya nufin karatu a Turkiyya asara ne. Akwai waɗanda suka kammala, suka samu aiki da takarda, wasu suka zama tafintoci da wakilan ƴan kasuwa tsakanin Istanbul da Yamai. Abin da ya bambanta su da waɗanda suka dawo hannu rabbana yawanci tsari ne tun daga gida.

Iyalin da ke shirin tura yaro na da tambayoyin da ya kamata su samu amsarsu kafin a biya ko sisi. Shin jami'ar na da ɗakin kwana, nawa ne kuma a shekara? Idan haya za a kama, unguwar a buɗe take ga rajistar baƙi? Wa zai sa hannu a yarjejeniyar, kuma sunan yaron zai fito a cikinta ko zai raɓe ne a ɗakin wani? Akwai kuɗin haya da abinci na shekara guda cur a ajiye, ba tare da an sa ko lira ɗaya ta koyarwa a lissafi ba? Idan haya ta tashi da rabi a shekara ta biyu, wa zai cike? Iyalin da amsarsu ta ƙarshe ita ce yaro zai nema, sun tura shi ne ya zaɓa tsakanin barin karatu da karya doka.

Ɗakin kwanan ɗalibai a shekarar farko ya fi haya kwanciyar hankali, domin yana warware batun adireshi, yana kuma ba mutum lokacin koyon Turkanci, wanda shi ne ke sa a daina cutar baƙo wurin dillali. Biranen da ba su kai Istanbul ba, kamar Konya, Sakarya ko Kayseri, hayarsu ta fi sauƙi, ko da yake masu neman darasin kuɗi ma sun fi ƙaranci a can.

Hukumomin Nijar ma na da rawar takawa. Ofisoshin da ke tallan guraben karatu a waje sun yawaita a manyan birane, kuma da yawansu ladarsu na fitowa ne daga yawan ɗaliban da suka kai wa jami'o'i masu zaman kansu, don haka ba su da dalilin faɗar abin da zai sa uba ya fasa. Hukumar tallafin karatu ta ANAB, ofishin jakadancin Nijar a Ankara da ƙungiyoyin ɗalibai na iya fitar da bayani a rubuce, da Hausa da Faransanci, kan unguwannin da aka rufe, haƙƙin mai haya da dokar aiki. Tunda hulɗar ƙasashen biyu ta kai ga batun tsaro da ma'adinai, batun masaukin ɗalibai da izinin aikinsu bai fi ƙarfin teburin tattaunawa ba.

A ƙarshe akwai kasuwar da ke buɗewa a gida. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Idan za a aiwatar da wannan a makarantu da ofisoshi, Nijar na buƙatar malaman Ingilishi masu yawa, daga sakandare har jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Matashin da ke da takardar ƙwarewa a hannu, wanda a Istanbul ake tambayarsa fasfo kafin a saurari Ingilishinsa, a Maradi ba ya buƙatar izinin aiki na baƙi kafin ya tsaya gaban allo.